SHARHI: Bayan haramcin Kundin Sake Gina Ƙasa, wa ke da alhakin lafiyar ɗan daudu da mata-maza a gidan kaso?

Ranar 26 ga watan Maris na 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin 2010 da sojoji suka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a a ranar shi ne wa'adin shekara biyar da kundin ya ba shi. Amma a cikinsa akwai wata ayar doka da ta haramta abin da ta kira ɗabi'un LGBTQIA+, wato luwaɗi da maɗigo da sauya jinsi da dangoginsu.

A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, ba a sa ran wata doguwar jayayya kan wannan haramci. Sai dai duk inda aka ce za a hukunta, ƙarshen maganar ɗakin kaso ne. Daga ranar da aka rufe ƙofa a kan mutum kuwa, cinsa da shansa da maganinsa sun koma wuyan wanda ke riƙe da mabuɗi. Wannan ɓangaren ne ba a cika tattaunawa a kai ba.

Maganar ba ta Yamai kaɗai ba ce. A gundumar Kance da ke jihar Damagaram, garin Matamaye ne ke da kotu da gidan kaso da asibitin gunduma. Wanda jandarma suka kama a garin Kance ko Dan Barto ko Yawuri, can ake kai shi. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gunduma, sai babban asibitin ƙasa na Damagaram, tafiyar kusan kilomita 90. Duk wani haƙƙin magani da aka rubuta a Yamai ko Banjul ko New York, a kan wannan hanya ake gane ko yana aiki.

Yadda aka zo nan

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta 1961, wadda aka gada daga tsarin Faransa, ta shafe shekaru ba tare da ta ambaci mu'amalar jinsi ɗaya tsakanin manya a matsayin laifi ba. Abin da ta hukunta shi ne aikata hakan da wanda bai kai shekara 21 ba, sai kuma laifin rashin ɗa'a a bainar jama'a, wanda ke da faɗin da alƙali zai iya shigar da abubuwa da yawa a ciki.

A ƙarshen 2022 wata 'yar majalisar dokoki daga Maradi ta gabatar da ƙudurin da zai mai da abin laifi kai tsaye. A farkon 2023 Shugaba Mohamed Bazoum da kansa ya ce gyaran da ake yi wa dokar hukunta laifuka zai ƙunshi hukunci a kan haka. Ke nan batun ya riga sojoji zuwa, su dai suka shigar da shi cikin kundi.

Maƙwabta ma hanyar da suka bi ke nan. Mali ta amince da sabuwar dokar hukunta laifuka a ƙarshen 2024 mai ɗauke da wannan haramci. Majalisar riƙon ƙwarya ta Burkina Faso ta amince da ɗaurin shekara biyu zuwa biyar ranar 1 ga Satumban 2025. Najeriya kuwa tun Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ban da dokokin shari'a da jihohin Arewa ke aiki da su tun farkon shekarun 2000.

A ƙasar Hausa, wanda ido ya fi saurin sauka a kansa idan aka tashi kame shi ne ɗan daudu, saboda shigarsa da maganarsa da sana'arsa ta sayar da abinci a tasha duk a fili suke. Kalmar "mai sauya jinsi" da ake fassarowa daga labaran Turai ba daidai take da "ɗan daudu" ba. Da yawa daga 'yan daudu ba su taɓa cewa su mata ba ne, wasu na da mata da 'ya'ya. Amma a idon mai kame, da kuma idon abokan zaman ɗaki a gidan kaso, wannan bambanci ba ya wani tasiri.

Abin da takarda ta ce

Nijar na da dokar gidajen kaso, mai lamba 2017-08 ta ranar 31 ga Maris 2017, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan yadda za a riƙe fursuna. Kafin ita, abin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne wata dokar gwamnati ta ranar 3 ga Satumban 1999. Kwanan watan na da tarihi mai ɗaci. A farkon wannan Satumba ne fursunoni 29 suka mutu saboda rashin iska a wani ɗaki da aka cusa su a gidan kason Yamai, zamanin mulkin Daouda Malam Wanke.

Dokar bin ƙa'idar shari'ar laifuka ma ta tanadi cewa wanda aka tsare a hannun 'yan sanda ko jandarma, idan za a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara, sai an haɗa da takardar likita da ke nuna ba a azabtar da shi ba. A 2020 ƙasar ta shigar da azabtarwa cikin laifukan da doka ke hukuntawa da sunansu.

Daga waje kuma, Nijar ta amince da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi a 1986. Sashe na 5 ya haramta wulaƙanci da azaba, na 16 ya tanadi haƙƙin lafiya. Hukumar da ke kula da yarjejeniyar, mai zama a Banjul, ta riga ta fassara yadda waɗannan ke aiki a kan wanda ke tsare. A hukuncinta na 1998 kan Ken Saro-Wiwa, ta ce gwamnatin Najeriya ta saɓa wa sashe na 16 da ta hana shi kulawar likita, kuma alhakin hukuma ya fi nauyi a kan wanda ke hannunta tunda ba shi da wata hanyar neman magani da kansa. Bayan juyin mulkin 2023 hukumomin soja sun bayyana cewa ƙasar na nan daram kan yarjejeniyoyin da ta riga ta amince da su.

Sai kuma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na riƙon fursuna, waɗanda aka sabunta a Disamban 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela. Guda 122 ne. Ba su da ƙarfin tilastawa irin na yarjejeniya, amma su ne ma'aunin da masu bincike ke shiga gidan kaso da shi. Ta 24 ta ɗora lafiyar fursuna a kan gwamnati, kyauta, daidai da abin da ake samu a gari, kuma ta ce kada a katse maganin da mutum ya shigo yana sha, ta ambaci ƙanjamau da tarin fuka da suna. Ta 30 ta ce likita ya duba duk wanda aka kawo da zarar ya shigo. Ta 27 ta ce shawarar magani ta ma'aikacin lafiya ce, mai gadi ko shugaban gidan ba su da ikon soke ta.

Babu inda ɗaya daga cikin waɗannan ya ce sai an duba irin laifin mutum kafin a ba shi magani. Ɓarawon akuya da wanda ake zargi da ta'addanci da ɗan daudu, matsayinsu ɗaya a gaban malamin asibiti.

Wannan ba baƙon tunani ba ne ga mai karatun fiƙihu. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, a littafinsa Kitabul Kharaj ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a riƙa ciyar da fursunonin da ba su da hali da tufatar da su daga baitulmali. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha kuwa, ko yaran makarantar allo sun san shi.

Rigimar da ake yi a Amurka

Mafi yawan labaran da ke zuwa kan fursunoni masu sauya jinsi daga Amurka suke, kuma yana da kyau a san tushensu. A 1976 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar wani fursunan Texas mai suna Gamble wanda ya ji ciwo a baya wajen aikin gidan yari, ta kafa ƙa'idar cewa yin biris da gangan da babbar larurar fursuna azaba ce da tsarin mulki ya haramta. Shi Gamble ba mai sauya jinsi ba ne. A 1994 aka faɗaɗa ƙa'idar a shari'ar Dee Farmer, fursuna mai sauya jinsi da aka kai gidan yarin maza a Terre Haute, inda aka yi wa duka da fyaɗe. Kotun ta ce jami'in da ya san akwai babban haɗari ya kau da kai yana da laifi.

Daga nan kotuna suka rabu. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da jihar Idaho ta umarci a yi wa Adree Edmo tiyatar sauya jinsi, aka kuma yi a 2020. A wannan shekarar ta 2019 wata kotun mai daraja ɗaya da ita, wadda ke kula da Texas, ta ce hana irin wannan tiyata bai saɓa wa tsarin mulki ba. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya hana kashe kuɗin tarayya kan irin wannan magani ga fursunoni. A watan Yuni Alƙali Royce Lamberth na Washington, wanda Ronald Reagan ya naɗa, ya umarci hukumar gidajen yarin tarayya ta ci gaba da ba da maganin homon ga waɗanda likitocinta suka rubuta wa, har a gama shari'a.

Babu wanda ya san Nijar da zai ce wannan ce muhawarar da ke gaban alƙalin Matamaye. Kundin ƙasa ya haramta sauya jinsi, kuma gwamnatin da ke fama da kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro ba za ta biya kuɗin irin wannan tiyata ba. Abin da ya shafi Nijar a tarihin nan shi ne matakai biyun farko, na Gamble da na Farmer: kada a bar mai ciwo ba magani, kuma kada a jefa mutum ɗakin da aka san za a far masa.

Darasin Kirikiri

Misali mafi kusa da masu karatu suka sani shi ne na Idris Okuneye, wanda aka fi sani da Bobrisky. Ranar 12 ga Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure shi wata shida ba zaɓin tara, kan laifin wulaƙanta naira. Laifin bai shafi jinsi ba, amma tambayar farko da ta taso ita ce ɓangaren da za a ajiye shi. Ya shaida wa kotu cewa shi namiji ne, hukumar gidajen gyaran hali ta ce ɓangaren maza za a kai shi kuma za a kare shi.

Ya fito a watan Agusta. Bayan 'yan makonni wani sautin waya ya bazu, aka yi zargin cewa a wani gida ya yi zamansa a wajen kurkuku. Ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya dakatar da wasu jami'ai ya kafa kwamiti. A watan Oktoba kwamitin ya ce bai ga shaidar cewa ya kwana a waje ba, amma ya samu gata mai yawa a Kirikiri, har da ɗaki shi kaɗai da aka ƙawata, da firji da talabijin da baƙi yadda ya ga dama.

Abin lura shi ne inda babu rubutacciyar ƙa'ida, jami'in da ke bakin aiki ne ke yanke hukunci, kuma aljihun fursuna na iya taya shi yankewa. Bobrisky na da kuɗi da lauyoyi da miliyoyin mabiya a Instagram. Ɗan daudun da ke tuyar ƙosai ko sayar da shinkafa a tashar mota ba shi da ko ɗaya, kuma sau da yawa danginsa sun daɗe da yanke hulɗa da shi.

Wannan batu na dangi ba ƙarami ba ne. A gidajen kason Nijar, kamar na sauran ƙasashen yankin, kwanon abincin da ake kawowa daga gida da takardar maganin da ɗan'uwa ke ɗauka zuwa kantin magani su ne ke riƙe da ran fursuna da yawa. Ragin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin asibiti da gwamnati ta fara aiki da shi ranar 1 ga Satumban 2024 ya sauƙaƙa wa mai ɗan hali. Wanda ba shi da mai zuwa duba shi, rabin kuɗin ma ba shi da inda zai samo.

Harafin da ya shafi mata-maza

Akwai wani abu a jerin haruffan da kundin ya yi amfani da su da ya kamata masana doka da malamai su sake dubawa. Harafin "I" na nufin waɗanda Hausawa ke kira mata-maza, wato wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba. Wannan halitta ce da ake zuwa duniya da ita, babu zaɓin mutum a ciki.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Kano ya daɗe da sanin wannan. Malamai sun yi bayanin hukuncin khunsa a gado da sahun salla da aure, har ma Mukhtasar na Shehu Khalil da mas'alarsa ya rufe. Ba su ɗauke shi mai laifi ba, sun nemi yadda za a ba shi haƙƙinsa ne. Haɗa shi a jeri ɗaya da abin da mutum ya aikata da ganganci kuskure ne da ya samo asali daga kwaso haruffan Turawa dunƙule.

Ta fuskar lafiya abin ya fi haka nauyi. Ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke sa a haifi jaririya da al'aura mai kama da ta namiji shi ne matsalar wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, waɗanda ke kasa samar da sinadarin kotisol. Mai irin wannan larura mai tsanani yana shan magani kullum tsawon rayuwarsa, kuma katse shi kwatsam, musamman a lokacin zazzaɓi ko gudawa, na iya kisa cikin kwanaki. Haka wanda aka cire wa 'ya'yan maraina ko ƙwan mahaifa saboda kowane dalili, yana buƙatar homon don kada ƙashinsa ya lalace. Mai gadin da ya ga ƙwayoyin homon a jakar sabon fursuna ya ƙwace, yana ganin kayan sauya jinsi ne, zai iya jawo mutuwa ba tare da ya sani ba. Amfanin ƙa'idar da ta ce likita ne ke da ta cewa ke nan.

Kenya ta riga ta bi ta nan. A 2010 Babbar Kotun ƙasar ta saurari ƙarar wani fursuna mata-maza da aka sani da R.M., wanda aka tsare a kurkukun maza na Kamiti. Kotun ta yi watsi da yawancin buƙatunsa, har da neman a amince da jinsi na uku, amma ta ce yadda masu gadi ke tuɓe shi a gaban fursunoni don kallo wulaƙanci ne, ta ba shi diyyar shilin 500,000. A 2014 majalisar ƙasar ta yi dokar mutanen da ke tsare, wadda ta ambaci mata-maza ta kuma ba su damar zaɓar jinsin jami'in da zai caje su. Kenya ta yi wannan alhali dokarta na hukunta luwaɗi har yau.

Tsakanin ɗaki da asibiti

A ɗauka an kawo irin wannan mutum gidan kaso na gunduma. Gidajen kason Nijar na ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, amma jami'an rundunar Garde Nationale ne ke gadinsu. Ɓangare biyu aka sani na manya, na maza da na mata. Shugaban gidan na da zaɓi uku, kowanne da matsalarsa. Idan ya sa shi cikin maza a ɗaki mai cunkoso, ya san abin da ka iya biyo baya da dare. Idan ya kai shi ɓangaren mata, su ma suna da haƙƙin a kare su da mutuncinsu. Idan ya kulle shi shi kaɗai, ƙa'idojin Mandela sun haramta kaɗaita fursuna fiye da kwana 15 a jere, kuma kaɗaicin da aka yi da sunan kariya yana taɓa ƙwaƙwalwa kamar wanda aka yi da sunan horo.

Cunkoso ne ke ƙara tsuke zaɓin. Gidan kason Yamai an tsara shi ne don mutum 445, amma ya sha ɗaukar ninki uku na hakan. Fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar jiran shari'a suke, ma'ana doka na kallonsu a matsayin marasa laifi. A Maris na 2020, da korona ta shigo, Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi wa fursunoni 1,540 afuwa don rage cunkoson, wanda hakan amincewa ce daga sama cewa gidan kaso wurin yaɗuwar cuta ne.

Mutanen Kance ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan annoba. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an samu mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu. A Yulin 2023 cutar mashaƙo ta ɓulla a gundumar lafiya ta Matamaye. Dukansu ta numfashi da cuɗanya suke yaɗuwa, kuma katangar gidan kaso ba ta tare su. Mai gadi na komawa gida da yamma, matar fursuna na kawo tuwo, wanda aka sallama na komawa ƙauyensu. Fursunan da ya ɓoye tarinsa ko ya daina karɓar maganin ƙanjamau don tsoron kada a gane shi a ƙara tsangwamarsa, haɗari ne ga ɗakin gaba ɗaya. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi, kuma katse shi ko na ƙanjamau na sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta kama gwamnati da alhaki a 2012 a shari'ar Dudley Lee, wanda ya kamu da tarin fuka yana jiran shari'a a kurkukun Pollsmoor.

Sirrin mara lafiya ma na da wuyar kiyayewa a ƙaramin gari. Fursuna ba ya zuwa asibiti sai da rakiyar jami'i, wani lokaci da ankwa, a gaban mutanen da suka san shi suka san iyayensa.

Nijar ta nuna tana iya fitar da fursuna neman magani idan ta so. Ranar 16 ga Maris 2016, kwana huɗu kafin zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an ɗauki marigayi Hama Amadou, wanda ke tsare a gidan kason Filinge, zuwa Faransa don jinya. Shi ɗan takara ne da duniya ke kallo. Dokar da ta ba shi wannan dama ba ta ce sai tsohon firaminista ba.

Wa ya rage yana leƙawa?

Haƙƙin da ba mai bibiya, a takarda yake tsayawa, kuma a nan ne abubuwa suka fi ja da baya cikin shekara biyu. Nijar ta shiga yarjejeniyar da ta ba masu bincike damar ziyartar wuraren tsare mutane a 2014, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka zo a farkon 2017, sannan a 2020 aka ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, CNDH, aikin kai irin wannan ziyara a kai a kai. Juyin mulkin 2023 ya rusa hukumar tare da sauran cibiyoyin jamhuriya.

Ranar 29 ga Mayun 2024 Ministan Shari'a Alio Daouda ya fitar da takardar da ta dakatar da ziyarar ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a gidajen kaso har sai abin da hali ya yi. A Fabrairun 2025 gwamnati ta umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, CICR, ta rufe ofisoshinta, kuma a watan Yuni ƙungiyar ta tabbatar da ficewarta. Ziyarar fursunoni na cikin manyan ayyukanta a ƙasar. Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya kan haƙƙin waɗanda ake tsarewa, shi kansa an kama shi ranar 3 ga Disamban 2024 aka kai shi Filinge.

Ƙofar kotun ECOWAS ma ta rufe da ficewar Nijar daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Wannan kotu ce ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar a shari'ar bauta ta 2008, kuma abin da ya sa talaka ke iya kai mata kuka shi ne ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida ba. Kotun Afirka da ke Arusha, wadda Nijar ta amince a 2021 ɗaiɗaikun mutane su kai ƙara gabanta, tana da wannan sharaɗi. Kafin a kai can sai an bi matakan kotunan gida har ƙarshe, a ƙasar da mafi yawan lauyoyinta ke zaune a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ, da aka kafa da dokar 2011, don irin wannan giɓi aka yi ta.

Abin da ya rage a kusa shi ne alƙalai da masu gabatar da ƙara, waɗanda doka ta ɗora wa duba gidajen kason da ke yankinsu, sai malamin asibitin da ke duba fursunoni. Gyaran da ake buƙata a hannunsu bai kai ga taɓa kundin ƙasa ba. Takarda ɗaya daga ma'aikatar shari'a ta isa ta wajabta duba lafiyar duk wanda aka kawo a ranar farko a ɗakin da ba mai saurare, ta hana ƙwace magani sai da sa hannun ma'aikacin lafiya, ta kuma fayyace inda za a kwantar da mata-maza da wanda ake tsoron za a far masa, da wanda zai caje su. Kuɗin man motar da za ta kai mara lafiya daga Matamaye zuwa Damagaram kuwa, sai an rubuta shi a kasafin ma'aikatar, don a halin yanzu wanda ba shi da dangi ba shi da mai biya masa.